Nana Asma'u Ɗiyar Shehu: Aurenta da Ƴaƴanta

In za a faɗi asalin mutum a ƙasarmu, wajen uba ake bi. A ce wane ɗan wane, jikan wane. In maroƙi ya tashi jera sarakunan gari, sunayen maza yake kira tun daga na fari har na ƙarshe. Uwar da ta ɗauki ciki, ta yi goyo, ta yi reno, da wuya a ji sunanta. Da jikoki sun wuce, sai a manta da ita.

Akwai wani gida a Sakkwato da sunan uwa bai ɓace a cikinsa ba. Shi ne gidan Waziri. Uwar gidan ita ce Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Mijinta ya yi waziri, ƴaƴanta biyu sun yi waziri, jikoki da tattaɓa-kunne sun yi. Yau labarin aurenta da ƴaƴanta za mu bi, tare da na ƙanwarta Maryam, wadda ta yi aure sau biyu.

Mu nan Dawce da Matamaye da Kance, labarin Damagaram muka fi ji, ita kuwa Damagaram Barno take kai wa gaisuwa a wancan zamani, ba Sakkwato ba. Amma iyakar sarauta ba ta tare fatake da almajirai. Labarin Shehu da zuriyarsa ya daɗe da isowa tsangayunmu. Shehun ma a Maratta aka haife shi a shekarar 1754, kusa da Galmi, cikin ƙasar Nijar ta yau.

Tagwaye a Ɗagel

A shekarar 1793 aka haifi tagwaye a gidan Shehu a Ɗagel, cikin ƙasar Gobir, namiji da mace. Uwarsu Maimuna, ƴar'uwar Shehu ce, auren zumunta suka yi. Namijin aka sa masa Hassan, kamar yadda aka saba. Kowa ya san macen Husaina za ta ci. Sai Shehu ya raɗa mata Asma'u, sunan ɗiyar Sayyadi Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abinci a kogo lokacin hijira.

Asma'u ba ta daɗe da uwarta ba. Tana ƙarama ƙwarai Maimuna ta rasu. Sauran matan Shehu suka rene ta, wato A'isha da ake kira Iya Garka, da Hawwa da ake kira Inna Garka. Ita Hawwa ita ce uwar Muhammadu Bello. Ta haka Asma'u ta tashi kusa da wanta Bello, wanda ya girme ta da shekara 12. Shaƙuwar da suka yi tun tana yarinya ta bi su har ƙarshen ransa.

Gidan Shehu gidan karatu ne, maza da mata. Shehu ya rubuta cikin littafinsa mai suna Nurul Albabi yana zargin malaman da ke koyar da almajirai a zaure, alhali sun bar matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci. Wani malami daga Barno, Mustafa Gwani, ya taɓa sukar Shehu don mata na zuwa wurin wa'azinsa. Abdullahi ƙanen Shehu ya ba shi amsa a waƙe, ya nuna masa barin mata cikin duhu ya fi muni. A wannan gida Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta karanci Larabci. Fulatanci harshen gidansu ne, Hausa harshen maƙwabta da kasuwa. Ta kuma iya harshen Buzaye.

Tana da shekara 11 rikici ya tashi tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. A watan Fabrairu na 1804 aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu. Daga nan yaƙi ya ɓarke. An yi Tafkin Kwatto a 1804, jama'ar Shehu suka yi nasara. A ƙarshen shekarar aka yi Tsuntsuwa, suka sha kashi, aka kashe musu mutane masu yawa, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kamar 200. Yunwa da cuta suka bi su. Mata da yara suna tafe a ƙasa daga zango zuwa zango, littattafai suna bisa raƙuma da shanu. Cikin wannan hali yarinyar ta girma.

Yadda Shehu ya aurar da ƴaƴansa mata

A gidan manya, aure ba na mutum biyu ba ne kaɗai. Gida biyu ake ƙullawa. Sarki yakan ba wani sarki ɗiyarsa don a kashe wutar gaba. Attajiri yakan ba abokin cinikinsa don dukiya ta zauna wuri guda. Shehu kuwa ya ba mutanen da suka sha wuya tare da shi, malamai da jarumawan jama'arsa.

Ku duba. Babbar ɗiyarsa Hadiza, malama ce, ta auri Malam Mustafa, magatakardan Shehu. Ɗansu shi ne Abdulƙadir ɗan Tafa, wanda aka haifa a shekarar hijira, 1804. Wani Bature matafiyi daga Jamus, mai suna Bart, wanda mutane suka sani da Abdulkarim, ya sauka Damagaram a ƙarshen 1852, ya wuce Katsina, ya isa Wurno a 1853. A can ya haɗu da ɗan Tafa, ya rubuta cewa yana cikin mafi ilmin mutanen ƙasar.

Fatsima, wadda suke ciki ɗaya da Bello, ta auri Aliyu Jeɗo, Sarkin Yaƙi. Ita ce ke tsaye kan guzurin mayaƙa in za su fita. Da ta rasu Asma'u ta yi mata waƙar makoki, ta ambaci yawan kyautarta da ciyar da baƙi.

To, ka ga alƙalami ya samu ɗiya, takobi ya samu ɗiya. Saura mai shawara.

Auren Asma'u da Giɗaɗo

Wajen shekarar 1807, yaƙi bai ƙare ba, aka ɗaura auren Asma'u da Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima. Tana da shekara kamar 14, yadda ake yi a wancan zamani. Shi ya girme ta da shekara kamar 17. Giɗaɗo laƙabi ne na Fulatanci, ma'anarsa abin ƙauna. Malami ne, ya iya Larabci, kuma aminin Muhammadu Bello ne na ƙut da ƙut. Shi aka riƙa aika wa da takardu zuwa wurare masu nisa. Har Barno ya je, lokacin da Bello da Shehu Laminu na Barno suke musayar takardu kan dalilin yaƙin.

A 1808 birnin Alƙalawa ya faɗi, aka kashe Yunfa. A 1809 Bello ya fara gina Sakkwato. Giɗaɗo ya yi gidansa kusa da na Bello. Shehu ya rasu a watan Afrilu na 1817. Aka yi wa Bello mubaya'a ya zama Sarkin Musulmi, ya ɗauki Giɗaɗo ya zama wazirinsa. Sai Asma'u ta zama ɗiyar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar Waziri. A wannan shekara kuma ɗan tagwaicinta Hassan ya rasu. Uba da ɗan'uwa cikin shekara guda.

Mene ne aikin waziri? Shi ne ke karɓar takardun sarakunan ƙasashe, ya karanta, ya rubuta amsa, ya buga hatimi. Shi ke zuwa Kano da Zazzau da ƙasashen gabas, ya naɗa sabon sarki, ya sasanta rigima, ya taho da gaisuwa. Shi ke saukar da manyan baƙi. Wata da watanni Giɗaɗo yana bisa hanya. Gidan kuwa cike yake da baƙi, da almajirai, da bayi, da kishiyoyi da ƴaƴansu. Duk macen da ta taɓa riƙe babban gida ta san nauyin wannan.

Abin lura a nan shi ne aure bai yanke karatun Asma'u ba. A ɗakin mijinta ta zama malamar da aka sani. Littafinta na farko ta rubuta shi wajen 1820, tana tsakiyar haihuwa da goyo. Bayan rasuwar Shehu ta shiga aikin tattara littattafansa da tsara su, don kada gara da ruwa da wuta su cinye. Ba a ji Giɗaɗo ya ce alƙalami ya hana tuwo ba. Shi ma marubuci ne. Sun zauna tare fiye da shekara 40.

A 1824 wani Bature daga Ingila, mai suna Kilapatan, ya zo Sakkwato, Giɗaɗo ya sauke shi. Baƙon yana rubuta abin da ya gani kowace rana. Cikin abin da ya rubuta akwai labari mai ban tausayi. Ɗan da Waziri yake ji da shi, wanda ƴar'uwar Bello ta haifa, ya kamu da agana. Ya fara samun sauƙi, sai ya yi gaggawar hawa doki, ciwon ya koma, ya rasu. Aka binne shi a cikin gida a ranar. Agana ba ta san gidan sarki da gidan talaka ba. Tsofaffinmu sun san ta, wasu suna ɗauke da zanenta a fuska. Sai a 1980 aka bayyana cewa lamba ta kawar da ita daga duniya baki ɗaya.

Da Bello ya gina Wurno don tsaron iyaka, ya koma can da zama, Giɗaɗo da Asma'u suka bi shi. A Wurno Bello ya rasu a 1837. Ƙanensa Abubakar Atiku ya hau. Giɗaɗo ya tsufa, ya fara ja da baya daga harkar mulki. Miji da mata suka zauna suna rubuta abin da suka gani da idonsu, don kada ya ɓace. Shi ya rubuta Raudul Jinani, kan rayuwar Shehu, da wani littafi kan Bello, duka da Larabci. Ita ta tsara labarin hijira da yaƙe-yaƙe a waƙe da Fulatanci a 1839. Daga baya ƙanenta Isa ya mayar da ita Hausa. Ita ce Waƙar Gewaye. Littafin mijin na malamai ne, waƙar matar kuwa ko mai daka a tsakar gida tana iya haddace ta.

Giɗaɗo ya rasu kusa da shekarar 1850. Asma'u ta yi masa waƙar makoki. Ta ambaci yadda yake karɓar baƙi, da kula da dangin Shehu, da tsayawa kan gyaran masallatai. Ba ta sake aure ba.

Ƴaƴa da jikoki

Ƴaƴa maza biyar na Asma'u suka girma: Abdulƙadir, Ahmadu, Usmanu, Abdullahi da Muhammadu Laima. Giɗaɗo yana da wasu ƴaƴa da yawa daga wasu ɗakuna. Amma sarautar waziri ɗakin Asma'u ta bi. Dalili a fili yake. Ƴaƴanta jikokin Shehu ne, kuma sun tashi a hannun uwa mai allo da tawada. Aikin waziri aikin takarda ne. Wanda bai iya rubuta Larabci mai kyau ba, ba zai iya shi ba, ko ɗan wane ne.

Babban ɗanta Abdulƙadir ya zama waziri a 1842, lokacin da Aliyu Babba ɗan Bello ya zama Sarkin Musulmi. Ku lura da zumuntar. Aliyu ɗan namiji, Abdulƙadir ɗan mace. Taubasai ne ke nan. Yadda iyayensu Bello da Giɗaɗo suka riƙe ƙasa tare shekara 20, haka su ma suka riƙe tare shekara 17, daga 1842 zuwa 1859. Abdulƙadir malami ne, mawaƙi, ya bar littattafai. Ya kuma sha hanya irin ta ubansa. Shi aka aika Haɗeja lokacin rikicin Sarki Buhari, wanda ya ƙi bin umarnin Sakkwato.

Bayansa ɗansa Ibrahim Halilu ya hau a 1859. Asma'u tana da rai a lokacin. Ta ga mijinta a wannan sarauta, ta ga ɗanta, ta ga jikanta. Halilu ya riƙe har 1874. Sai sarautar ta koma wa baffansa Abdullahi, ɗan Asma'u, wanda ake kira Bayero, daga 1874 zuwa 1886. Kada a haɗa shi da Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. Suna ne ya zo ɗaya.

Ahmadu bai yi waziri ba, amma ta wajensa sarautar ta fi daɗewa. Ɗansa Muhammadu Buhari ya hau a 1886, ya riƙe har 1910. Shi ma ba shi ne Buharin Haɗeja ba. A cikin wazirai duka, babu wanda ya ɗauki kaya mai nauyi kamarsa.

Na farko, basasar Kano. Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya umarci Waziri Buhari ya naɗa Tukur ɗan marigayin. Ƴaƴan Sarki Abdullahi, su Yusufu da Aliyu, ba su yarda ba. Suka fita daga birni, aka yi ta yaƙi, jini ya zuba tsakanin ƴan gida ɗaya. Aliyu ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895.

Na biyu, zuwan Nasara. Faransawa sun ci Damagaram a 1899, bayan yaƙin Tirmini, nan kusa da mu. Ingilishi kuma suka ci Kano a farkon 1903, suka ci Sakkwato ran 15 ga watan Maris na wannan shekara. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli. Waziri Buhari ya tsaya da sauran mutane, tsofaffi da mata da yara, a bayan gari. Ko dai su bi hanyar da babu ruwa babu abinci, ko su koma ƙarƙashin baƙi. Ya tara malamai suka yi shawara. Suka ga in an bar musu salla da shari'a, gara a koma don a tsirar da rayuka. Ya koma da su birni. Abin ya dame shi ƙwarai, har ya rubuta takarda yana bayyana dalilinsa, don na baya su yi masa adalci. Irin tarbiyyar gidan ke nan: in abu ya faru, a rubuta.

Ɗan Buhari, Junaidu, an haife shi a 1906. Ya gaji wansa Abbas a 1948, ya riƙe sarautar har ya rasu a 1997. Babban masanin tarihi ne, shi ya rubuta Tarihin Fulani. Asma'u kakar ubansa ce. Ku lissafa: daga 1817 zuwa 1997 shekara 180 ke nan, daga mijinta zuwa tattaɓa-kunnenta. Bayan Junaidu ma sarautar ta zauna a gidan. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Maryam, mai aure biyu

Asma'u tana da ƙanwa, Maryam, wadda aka haifa wajen 1810. Uba ɗaya suke, uwa kowa da tasa. Uwar Maryam sunanta Mariya, sa-ɗaka ce ta Shehu. Ita ce kuma ta haifi Isa, autan Shehu, wanda aka haifa bayan rasuwar ubansa. Maryam tana da shekara kamar 7 ta zama marainiya. A hannun Asma'u ta yi karatu.

Aurenta na fari a cikin gidan Waziri aka yi shi. Ta auri Muhammadu Aɗɗe, ɗan Giɗaɗo na wani ɗaki. Aka ƙara wa igiyar gidan biyu ƙulli. Ta haifa masa ƴaƴa mata biyu, sai ya rasu.

Aurenta na biyu ya kai ta nesa. Aka ba da ita ga Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846. Kano ita ce ƙasa mafi arziki cikin masu bin Sakkwato, ga rini, ga saƙa, ga fatauci. Dabo ya sha tawaye a farkon sarautarsa kafin ƙasa ta kwanta masa. Samun ɗiyar Shehu a gidansa girma ne gare shi. Ga Sakkwato kuma, an samu ido da kunne a cikin fadar Kano.

Maryam ba ta haihu a Kano ba. Ƴaƴan Dabo uku da suka gaje shi, Usmanu da Abdullahi da Muhammadu Bello, wata matar ce ta haife su, mai suna Shekara. A wani gida, macen da ba ta haihu ba in miji ya mutu an gama da ita. Maryam ba haka ta zama ba. Bayan rasuwar Dabo ta koma Sakkwato, ta zauna a gidan ubanta. Ƴaƴan mijinta suka riƙe ta uwa, ana jin maganarta kan al'amarin Kano. Da ta tsufa, aka yi lokacin da mutane suka riƙa barin gonakinsu suna yin gabas, wai Mahadi ya bayyana. Maryam ta rubuta wa Sarkin Kano takarda, ta gaya masa lokacin hijirar da Shehu ya ambata bai yi ba tukuna, a hana mutane watsewa. Tsohuwa ce a ɗakinta, amma takardarta ta kai inda ƙafarta ba ta kai ba. Ta rasu wajen 1890. Allah bai nuna mata basasar da jikokin mijinta suka yi ba.

Ƴaƴan allo

Malamai sukan ce ɗa iri biyu ne, na ciki da na allo. Asma'u ta samu duka biyu.

Yaƙi ya bar ƙasa cike da zawarawa da marayu. Ya kuma kawo mata da yawa da aka kamo daga Gobir da Zamfara da Kabi, aka raba su gidaje, wasu bayi, wasu sa-ɗaka. An raba su da garuruwansu da danginsu. Wannan ɓangaren labarin akwai ɗaci, mutanen Tsibiri da Maraɗi ba su manta da shi ba. Waɗannan mata Hausa suke ji, ba su jin Fulatanci balle Larabci. Su ne kuma za su reni ƴaƴan gobe.

Asma'u ta ga in ba a kai musu karatu ba, ba za su zo gare shi ba. Matar aure mai goyo ba ta iya barin gida ta yi tafiyar kwana biyu. Sai ta yi dabara. A kowane ƙauye ta zaɓi dattijuwa mai hankali, wadda ta wuce haihuwa, ta naɗa ta jaji. Kun san jaji a ayarin fatake, shi ne mai jan gaba. Alamar naɗin ita ce malfa da jan rawani. Mutanen Gobir sun saba ganin malfa a kan Inna, babbar macen fadarsu, kamar yadda Maraɗi ke da Iya, Daura ke da Magajiya. Asma'u ta ɗauki alamar da mata suka riga suka sani, suke girmamawa, ta ɗora wa malamai mata.

Jaji takan taho da tsofaffi da ƴanmata waɗanda ba su yi aure ba. Sukan riƙo sadaka, hatsi ko zuma ko man shanu ko zane, a raba wa makafi da kutare da marayu. Su zauna wurin Asma'u su haddace waƙa, ta yi musu bayani. Su koma gida, su shiga ɗaki ɗaki su koya wa matan aure. Waɗannan su ake kira Ƴan Taru. An fara wannan tsari wajen 1830 zuwa 1840.

Me ake koya musu? Alwala da salla da azumi. Tarihin Annabi. Labarin mata salihai na da da na zamaninta. Haƙƙin maƙwabci, da gaskiya a mudu, da kula da mara lafiya. Ta yi wata gajeriyar waƙa da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114, ta yi ta da Fulatanci, ta yi da Hausa, ta yi da Larabci. Abin da ya iso mu na rubutunta ya kai 60. Na Hausa da na Fulatanci da ajami ta rubuta su.

Asma'u ta rasu a 1864, tana da shekara 71. Aka binne ta kusa da ubanta, a Hubbare, cikin Sakkwato. Maryam ta karɓi Ƴan Taru. Bayan Maryam, ɗiyarta Ta Modi ta karɓa, wadda ta haifa a aurenta na fari. Ka ga gado biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Hatimin waziri yana bin maza, malfar jaji tana bin mata, dukansu daga gida guda suka fito.

Yadda labarin ya iso gare mu

Mata nawa ne suka haifi sarakuna a Damagaram da Daura da Katsina, yau ba wanda ya san sunansu? Suna da yawa. Ba su gaza Asma'u haƙuri ko hankali ba. Bambancin shi ne ita ta rubuta, ta kan sa shekara a ƙarshen waƙarta, ƴaƴanta kuma suka iya karanta abin da ta bari, suka adana shi. Takardun suna cikin gafaka a gidan Waziri fiye da shekara 100. Waziri Junaidu ya buɗe su ga masu bincike. Wata Baturiyar Ingila mai suna Jin Boyid, wadda ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta fitar da littafi kan rayuwar Asma'u a 1989. A 1997 ita da wata malama daga Amurka suka buga ayyukanta a haɗe. Yau akwai makarantun mata da yawa masu sunanta.

Jama'a, in an zo maganar aurar da ɗiya, dangi sukan zauna kan sadaki, da kayan ɗaki, da gara. Shehu ya aurar da tasa cikin yaƙi da yunwa, ba shi da gado ko tasoshin da zai jera mata. Abin da ta shiga da shi ɗakin miji yana cikin kanta. Ta samu miji da bai hana ta ƙara shi ba. Shi ne ƴaƴa suka sha tare da nono, jikoki suka ci, har matan ƙauye da ba su haɗa jini da ita ba suka samu rabonsu.

Wanda ya iya karanta wannan shafi ya iya rubuta sunan uwarsa. Ya samu takarda, ya je wurin tsofaffin gidansu tun suna da rai. Ya tambayi sunan kakarsa ta wajen uwa da ta wajen uba, garin da aka auro su, da ƴaƴan da suka haifa, na raye da waɗanda suka riga mu. Ya rubuta, ya sa shekara, ya adana. Ya kuma bar ɗiyarsa ta koyi karanta shi.

Allah ya jiƙan magabata, maza da mata. Amin.